Godiya ga ofishin masu jiragen ruwa na bakin ruwan Yauri

Assalamu alaikum Baba ciyaman da duk ma'aikatan ofis. Na ce bari in rubuto a fili kowa ya gani, tunda ranar ma a gaban mutane na ɗaga muku murya.

Mu shida muka yi shatar jirginku na kwana uku, shirinmu mu tashi daga Yauri mu kwana Warrah, washegari mu tsallaka Malale, daga nan mu gangara har kusa da dam ɗin Kainji, kuma ɗaya daga cikinmu ya dame mu sai ya ga inda ruwa ya shanye tsohuwar Bussa lokacin da aka gama dam a 1968. Ranar farko lafiya lau, kowa da rigar ruwa a jikinsa, ba rigar ba shiga jirgi inji yaron ofis, har da ni da nake taƙamar na iya iyo.

Rana ta biyu ne fa. Mun loda kaya mun zauna, rana tarwai, sai direba ya tsaya yana kallon gabas ya ƙi tada inji, ya kira ofis suka yi magana, ya juyo ya ce Alhaji yau ba tsallakawa. Wallahi raina ya ɓaci, ni ban ga komai ba sai wani ɗan baƙi-baƙi can ƙasan sama kamar hayaƙin bola. Na karɓi wayar na yi ta faɗa wai an ci kuɗinmu za a yi mana wayo, Baba ciyaman ka bari na gama tas sannan ka ce ɗana, wurin da za ku ratsa nan ne ruwan ya fi faɗi, ga kututturan itatuwa a ƙasa tun na kafin dam, in iska ta taso direba ba ya ganinsu kuma ba gaɓar da za ku gudu. Sai ka tuna min jirgin da ya nutse a yankin Warrah ɗin nan a watan Mayun 2021, mutum sama da ɗari. Na yi shiru.

Ko awa biyu ba a yi ba hadarin ya iso. Muna rumfar wata mai suyar kifi, iska ta yaye kwano ɗaya ta yi gaba da shi, ruwan da ke kwance ɗazu ya koma ja yana dukan jiragen da ke ɗaure suna karo da juna gwaf gwaf, direba kuwa yana ciki tsamo-tsamo yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Baiwar Allahn nan ta shimfiɗa mana tabarma ta ce ku ci kifi 'yan birni, ba inda za ku.

Abin da ya ƙara kashe min jiki, da muka fasa zuwa dam muka juyo Yauri da safe, ban tambaya ba sai ga alat, kun dawo da kuɗin kwana ɗaya da na man da ba a ƙona ba. A ƙasar nan fa!

Baba ka yafe min rashin kunyar da na yi. Allah ya ƙara girma, ya tsare direbobinku. Bayan damina muna nan dawowa, kuma wannan direban muke so.

Naku,
Alhajin nan mai faɗa a waya, daga Birnin Kebbi