Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ruwan amin

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta saƙonka game da aikin da aka ɗora maka na gwada ruwan amin, wato ruwan da aka haɗa da sinadarin amin, wajen kama iskar kabon dayoksaid daga hayaƙin masana'antu, kuma na lura saurin da MEA, wani nau'in amin, yake kama iskar ya burge ka ƙwarai. Ina so ka duba inda saurin ya samo asali kafin ka yanke hukunci.

MEA yana da haidurojin a jikin naitirojin ɗinsa, shi ya sa yake cafke iskar kai tsaye su zama sinadarin da ake kira kabamet, sai dai ƙwayar amin biyu ake ci kafin a kama ƙwayar iska ɗaya, domin ɗaya ce ke riƙe kabon, ɗayar kuma ta karɓi furoton, wato haidurojin mai caji, da aka saki. Riƙon yana da ƙarfi, don haka ruwan da ya sha iskar a hasumiya ta farko a digiri 40 zuwa 60 na Salshiyos sai an kai shi hasumiya ta biyu an dafa shi da tururi har kusan digiri 120 kafin ya sake ta. Da yake kashi 70 cikin 100 na haɗin ruwa ne zalla, zafi mai yawa wajen ɗumama shi yake tafiya, har makamashin yakan kai gigajul 3.5 zuwa 4 kan kowane tan na iskar da aka kama. A ganina, wannan adadin ya kamata ka fara aunawa.

Kada ka raina MDEA, wani nau'in amin na daban, saboda nawarsa. Ba shi da wannan haidurojin, ta hanyar bayikabonet yake bi, amma yana sakin iskar cikin sauƙi, kuma zuba masa ɗan fiferazin, shi ma wani amin ne, yakan gaggauta shi. Da MDEA ake aiki a Sleipner, filin haƙar gas a tekun ƙasar Nowe, tun 1996, ko da yake can gas ne mai matsin gaske, ba hayaƙi ba.

Ka riƙa ɗiban ruwan a kwalba duk mako kana jerawa. Sabo garau yake, amma iskar oksijin da ƙarfen da ya narke daga bututu sukan mai da shi ruwan ɗorawa, daga baya ruwan ƙasa, kuma alamar lalacewa ke nan. Fiferazin idan ya haɗu da oksaid na naitirojin yana haifar da naitirosamin mai jawo kansa, shi kuwa MEA yana ƙona fata da ido, saboda haka ina roƙonka kada ka taɓa shi ba safar hannu da tabarau.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka