Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana, Kan Mudu Da Hankali

Tudun Wada, Zariya

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan ƙalau, sai hunturu da ya fara cizo. Innarka na gaishe ka, amma maganar da ka yi mata a waya ta hana ta barci. Wai ka ce mutum na iya sanin daidai da kuskure da hankalinsa kaɗai, ko ba littafi ba malami, kuma hukuncin ya hau kan kowa. Ita gani take ka kama hanyar barin salla. Na ce ta bar ni da kai.

Na sa ƙanenka ya karanta mini takardar da ka turo. Abin da ya ba ni dariya, kana tsammanin Turawa ne suka buɗe wannan faifan. Tun zamanin Basra da Bagadaza Mu'utazilawa, wani ɓangare na malaman Musulunci na da, ke cewa hankali na gane kyawun aiki da muninsa ko wahayi bai sauka ba. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya daɗe a cikinsu kafin ya bar su, ya ce a'a, shari'a ce ke ɗora wa aiki hukunci. A kan tafarkinsa malamanmu na zaure a cikin birni suka karantar da mu. Shi kuwa Kant ɗin naku, Bajamushen masanin falsafar nan, sai a 1785 ya kawo nasa ma'aunin: kada ka yi abu sai wanda ka yarda ya zama ƙa'idar kowa.

Wannan ma'aunin na san shi tun ban ji sunan mai shi ba. Shekara talatin ina auna hatsi a kasuwar Sabon Gari. Wanda ya bubbuge gindin mudunsa don ya rage ci, ribarsa na rataye ne a kan cewa saura ba su yi haka ba. Ranar da kowa ya lotsa nasa, mai saye zai zo da kwanonsa daga gida, mudu ya mutu. Ashe mai algus gumin masu gaskiya yake ci. Ibo da Bayarabe, Kirista da Musulmi, ban taɓa jin wanda ya musa wannan a layinmu ba. A nan kam ina tare da kai.

Ga inda nake cijewa. Wata shekara bayan kaka, wata tsohuwa mai yanar ido ta sayi gero, ta miƙo mini kuɗi fiye da kima. Hankalina ya san hukuncin sarai. Shi dai wannan hankalin ne kuma ya jero mini hujjoji kafin ta gama ƙulle bakin zanenta: ga kuɗin makarantarka ya matso, ba za ta taɓa ganewa ba, jiya ma wani ya cuce ni. Na yi shiru ta tafi. Da dare ya yi na kasa runtsawa, na yi mako ina duba fuskar kowace tsohuwa, ban sake ganinta ba. Ko Innarka ba ta san wannan ba.

Don haka ka tambayar mini malaminku: hankalin da ya gane, wa zai hana shi karɓar toshiya daga mai shi? Ka rubuto mini amsarsa da Hausa, ba na son ƙanenka ya tsallake mini wuraren masu wuya. Kuma ka kira Innarka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka bar ta ta yi faɗanta har ta gaji.

Mahaifinka.