Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Kasafin Kuɗi, Sanata Atiku Bagudu: Me Ke Cikin "Da Sauransu"?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Na san hidima ta yi maka yawa, ba zan ja ka da nisa ba.

Kukana a kan aljihun nan ne na kasafin kuɗin tarayya da ba a son a leƙa cikinsa. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin kasafin a intanet ya san shi. A shafin ma'aikata, bayan albashi da tafiye-tafiye da man janareta, sai ka ci karo da sashen "sauran kashe-kashe". A ƙarƙashinsa akwai abinci da lemon taro, alawus ɗin zaman kwamiti, talla, da wani abu wai shi walwala. Walwalar wa? Ga kuma babban wansa, Service Wide Vote, dunƙulallen kuɗin da ake ajiyewa a tsakiya, ana yagowa a hankali.

Lissafin ka fi ni saninsa. Kasafin 2016 naira tiriliyan 6.06 ne. A 2023 ya kai 21.83, a 2024 ya zama 28.7, na 2025 kuwa 54.99. Na yarda darajar naira ta zube, tiriliyan ɗin yau ba na jiya ba ne. To amma kasafi ya ninka kusan sau tara, bayanin da ake yi mana kan wannan aljihu yana nan jiya i yau. Ko ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwar Jega ne ya tashi a taro ya ce "sauran kuma sun tafi a nan da can", ai ranar zai ajiye littafi.

A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya faɗa wa BBC Hausa cewa akwai tiriliyan 3.7 a kasafin da ba a ga ayyukansu ba. Majalisar Dattawa ta dakatar da shi na wata uku. Amsar da aka bayar ita ce mafi yawan kuɗin na hukumomin da ake cire wa kasonsu kai tsaye ne, irin su Majalisar kanta da hukumar zaɓe. Madalla. Ashe dai an yarda akwai tiriliyoyin da ba a baje su dalla-dalla a kundin ba. Kafin nan, a ƙwarya-ƙwaryar kasafin 2023, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye biliyan 5 na jirgin ruwan alfarma. Shi wannan an gan shi ne don an rubuta sunansa. Wanda aka dunƙule fa, wa zai gani balle ya yi magana?

Ranka ya daɗe, mu aka ce mu ɗaure ciki. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, bayan wata biyu Shugaba Tinubu ya ce an tara sama da tiriliyan guda, kuma talaka zai gani a ƙasa. Mun ɗaure. Mai kabu-kabu ya ɗaure, malamin firamare ya ɗaure har ya rasa inda zai ƙara huda bel. Don Allah a nuna mana inda gwamnati ta ɗaure nata.



Ba sabuwar doka nake roƙo ba. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, kuma tun 2019 aka buɗe shafin baitulmali na intanet don wallafa abin da ake biya. Ka yi Sanata, ka yi gwamnan Kebbi shekara takwas, ka san hanyar da takardar fitar da kuɗi take bi. Ka sa a wallafa abin da ya fita daga Service Wide Vote tun 2023: hukumar da ta karɓa, adadin, ranar, da aikin da aka yi da shi. A kasafi mai zuwa kuma a sa wa "sauran kashe-kashe" iyakar da ba za ta wuce ba.

Wassalam,
Wani mai biyan haraji daga Birnin Kebbi