Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar NAQS Kan Tururuwar Wuta

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wata halitta da ba ta kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, amma ta gagari Amurka shekara kusan casa'in. Jar tururuwa ce da masana ke kira Solenopsis invicta. An laƙaba mata wuta saboda harbinta kamar an ɗosana wa mutum garwashi ne, washegari wurin ya yi farin ƙurji, wanda jininsa bai jure dafinta ba kuma har numfashinsa kan sarƙe. Tun da hukumarka ce ke tsaron ƙofar shigowar tsirrai da dabbobi ƙasar nan, kai ya dace in faɗa wa.

Ni malamin gona ne, kuma idona ya ga abin da ya sami tumatir a Kadawa a 2016. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon daga Kudancin Amurka ta fito, ba mu farga ba sai da gonaki suka ƙone. A shekarar ce kuma aka fara gano tsutsar masara a Najeriya. Sau biyu ke nan ɓarna ce ta kawo mana labarin baƙo.

Tururuwar wuta ma daga can take, yankin kogin Parana, tsakanin Ajantina da Paraguwai da Barazil. A shekarun 1930 ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama. Yau ta mamaye kudancin ƙasar, kuma ana ƙiyasta asarar da take jawowa da kimanin dala biliyan 6 a shekara. A 2001 an gan ta a Birisben ta Ostareliya, a 2003 a Taiwan, a 2004 a lardin Guwandon na Sin. A 2017 Japan ta same ta cikin kwantenar da aka loda a Guwanzu, garin da 'yan kasuwarmu na Kwari da Sabon Gari ke zuwa sari. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Kwantenonmu daga can suke tasowa, su sauka Apapa da Tin Can da Onne da Lekki, kuma tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, kaya na iya zuwa har tsakiyar Arewa kafin a buɗe su. Gemun maƙwabci ya kama wuta, ranka ya daɗe, namu ne ya kamata mu shafa wa ruwa.

Ɓarnarta a gona ta kowane ɓangare ce. Tana cinye irin dawa da masara da waken suya tun yana tsirowa, ta gaigaye gindin dashen lemo har ya bushe, ta yi kiwon ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka don ta sha zaƙin da suke fitarwa. Tana taruwa a kan ɗan maraƙi ko ɗan akuya da aka haifa a ƙasa, ta ci idonsa, haka ma 'yan tsaki. Tana shiga akwatin lantarki na injin ban-ruwa ta ƙona shi. Gida ɗaya kan ɗauki tururuwa dubu 200 ko fiye, kuma ƙasa mai danshi wadda ake yawan tonawa ta fi so, wato irin fadamunmu. A Amurka da inji ake yawancin aiki. Mu kuwa da hannu muke dasa shinkafa da albasa, ƙafa ba takalmi, yara na biye da iyayensu.

Abin da nake so ka duba sosai shi ne wa ya yi nasara a kanta, wa kuma ya kasa. Niyu Zilan ta gano ta sau uku, a filin jirgin saman Okland a 2001, a tashar Napiya a 2004, da Whirinaki a 2006, kuma duk ta kawar da ita, domin ta gan ta tun gidajen na ƙirguwa. Ostareliya ta makara a Birisben. Shekara sama da ashirin ana watsa abincin guba, har da jirage masu saukar ungulu, ana bin sawu da karnuka masu sansano gidanta, a 2023 aka ƙara ware kusan dalar ƙasar miliyan 593, amma a watan Nuwamban shekarar ta ƙetara zuwa jihar New South Wales da ke maƙwabtaka. Sarauniyarta na iya tashi kilomita 5, in ambaliya ta zo su haɗa jiki su yi ta yawo a kan ruwa, sauran tafiyar kuma mutane ke yi musu cikin ƙasa da ciyawa da tukwanen dashe. A Sisili ta Italiya, lokacin da masana suka sanar da gidaje 88 kusa da birnin Sirakusa a 2023, mazauna wurin sun ce tun 2019 ake harbinsu. Shekara huɗu fatar talaka ta san abin da ofis bai sani ba.

Wani zai ce in ta zo a yi feshi. Amurka ta gwada tun daga 1957, ta zazzaga guba daga jiragen sama, tsuntsaye da kifi suka mutu, tururuwar gida da ke gogayya da ita ta ƙare, baƙuwar ta dawo ta sami fili. A 1978 aka haramta mirex, ɗaya daga cikin gubar da aka yi ta zazzaga mata. Daga baya aka koma mahaifarta aka ɗauko maƙiyinta, wani ɗan mitsitsin ƙuda mai suna Pseudacteon, aka fara sakinsa a Fulorida a 1997. Yana dasa ƙwansa a jikinta, tsutsar ta haura cikin kai ta cinye shi, har kan ya faɗi. Ina girmama wannan hanya, don mun ga amfaninta a gida: ɗan zanzaron da aka samo a Paraguwai, cibiyar binciken noma ta IITA ta sake shi a Ibadan a 1981, shi ya ceci rogon Afirka daga farin ƙwaro. Sai dai ƙudan nan tsoratar da ita yake yi, ya rage mata fita neman abinci. Bai kore ta daga ko jiha ɗaya ba.

Roƙona bai da tsada. A sa jami'anka su riƙa ajiye 'yan kwalabe da abu mai maiƙo a ciki, ko ƙuliƙuli ne, a kewayen wuraren jibge kwantena na bakin teku da na tsandauri, duk bayan 'yan watanni, musamman in damina ta sauka. Abin da ya shiga a kai wa masana ƙwari na Samaru ko Ibadan su tantance, a rubuta wuri da rana, a fitar da sakamakon kowa ya gani, ko an samu ko ba a samu ba. A hana fitar da kwantenar da ke ɗauke da ƙasa a gindinta sai an wanke. A koya wa 'yan dako da direbobin tirela da malaman gona alamarta da Hausa ta rediyo: tulin ƙasa mai laushi wanda ba shi da ƙofa a sama, in an taɓa su fito da yawa lokaci guda, manya da ƙanana a gauraye. A ba su lambar waya da za su kira, a kuma sa wanda zai ɗauka.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani malamin gona daga Kano