A waiwayi Samurai Bakwai na Kurosawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta shafinku na fina-finai, kuma kullum tsakanin Kannywood da Indiya ake kai da komo. Ba laifi, ni ma da Sholay na tashi, har yau ina jin muryar Gabbar Singh a kunnena. Sai dai kaɗan ne cikinmu suka san cewa wannan labari na ƙauyen da ɓarayi suka addaba, aka ɗauko mayaƙa daga waje su kare shi, asalinsa daga Japan ne.

Akira Kurosawa ne ya fitar da Seven Samurai, wato Samurai Bakwai (samurai su ne mayaƙan takobi na Japan ta dā), a 1954, baƙi da fari, awa uku da minti 27. A shekarar ya samu kyautar Zakin Azurfa a bikin fina-finai na Venice. Amurkawa suka sake shi a 1960 da sunan The Magnificent Seven, suka musanya takubba da bindigogi. A 2018 kuma BBC ta tambayi masu sharhi 209 daga ƙasashe 43, suka ɗora shi a kan gaba cikin duk fina-finan da ba da Turanci aka yi su ba.

Masana sun fi yabon yaƙin ƙarshe, cikin ruwan sama da taɓo, wanda aka ɗauka da kyamarori da dama lokaci guda. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Manoman ba su da kuɗin biyan mayaƙa, sai abinci. Suna dafa wa baƙin shinkafa, su kuwa su ci gero. Kurosawa bai mai da su waliyyai ba: suna da tsoro da ƙarya, suna ɓoye 'ya'yansu mata daga waɗanda suka zo cetonsu. Kikuchiyo, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, ɗan manomi ne mai kwaikwayon samurai, shi ya faɗa wa sauran cewa zaluncin masu takobi ne ya mai da talakawa haka. Mutumin da ya san yadda manoman Zamfara ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe gonarsu ba ya buƙatar a fassara masa wannan wuri.

Huɗu cikin bakwai ɗin suka mutu. Ukun da suka rage suna tsaye gefen kaburbura, manoma na can suna waƙar dashen shinkafa, ba wanda ya waiwaye su.

Don Allah ku ba wannan fim shafi guda a makonni masu zuwa.

Naka,
Mai karatu daga Gusau