Columbo da marubucin da bai iya rubutu ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yaba wani tsohon fim ɗin ƴan sanda, Columbo, wanda mu nan Damagaram da faransanci muka san shi. Kashin da nake nufi shi ne Le Livre témoin, tashar NBC ta Amurka ta nuna shi a watan Satumba 1971, kuma wanda ya ba da umarni Steven Spielberg ne, lokacin yana ɗan shekara 24 ba wanda ya san shi.

Abokai biyu ne ke fitar da littattafan kisan kai da sunansu su biyu, amma ɗaya ke rubutun, ɗayan Ken Franklin sai sa kwat da surutu a tele. Da mai rubutun ya ce zai ware, sai Franklin ya ja shi gidan hutunsa can nesa da Los Angeles, ya sa shi ya kira matarsa ya ce mata yana biro, yana cikin maganar ya harbe shi, duk don kuɗin inshora. Tun farko an nuna mana mai kisan fa, yaran fadarmu har cewa suke to me ya rage a kalla. Ai nan daɗin yake.

Peter Falk, wanda ya fito a matsayin ɗan sanda Columbo, zai shigo da yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari, kamar wanda ya ɓata hanya, ba bindiga ba tsawa ba mari, har kicin ya shiga ya soya wa matar mamacin ƙwai yana jan ta da hira yana tsintar magana. Raina kama ka ga gayya. Franklin na masa kallon sakarai har da ba shi littattafai kyauta wai ya koyi bincike.

Abin da ya fi burge ni, kisa na biyu da Franklin ya yi wa mai kantin da ta gan su take neman kuɗin rufe baki, aikin gaggawa ne ba tsari, Columbo ya lura hannun ya bambanta da na farko, ya bi takardun mamacin har ya samo dabarar wayar a rubuce. Shi kuma gogan girman kai ya hana shi shiru, ya ce ai dabarar tasa ce.

Ina roƙon Télé Sahel in da hali su sa mana irin waɗannan ko daren asabar ne, in an samu masu fassara shi da Hausa ma wlh tsofaffinmu za su zauna.

Naku mai karatu, daga unguwar Birni, Zinder.