Baƙonku bai faɗi wanda ke sayen datar ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na rediyo na daren Talata daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Na yi ta buga lambar da kuka bayar ba ta shiga ba, shi ya sa na ce ba zan bar maganar ta wuce ba sai na rubuto.

Baƙon naku ya ce wai yanzu ma'aikaci ya huta, ofishinsa na cikin aljihunsa, duk inda yake zai iya aiki. Mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai kuwa" yake ta yi masa. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambaye shi ba: wa ya sayi wayar? Wa ke sa mata data? Wa ke biyan kuɗin caji? Kuma ƙarfe nawa ake tashi daga wannan ofishi na aljihu? Wanda aka saya wa kwamfuta, aka sa masa intanet da sola a wurin aiki, yana iya zama gaban makirfo ya yi ta yabo. Mu da abin ke hawa kanmu ba a neme mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Lokacin da na fara aikin nan, in aka kaɗa ƙararrawar tashi an tashi ke nan. In da takardun gwaji in zuba su a jaka in tafi da su gida, in duba lokacin da na sami sarari, ba wanda zai biyo ni. Yanzu kuwa ana rufe ƙofar makaranta aikin zai sake buɗewa a waya. Akwai guruf ɗin malamai a WhatsApp, akwai na iyayen yaran ajina, akwai na masu haɗa jarrabawa, akwai wanda mai makaranta ya buɗe don abin da ya kira sanarwar gaggawa. Ba a tambaye ni kafin a sa ni a ko ɗaya ba, kuma fita daga ciki laifi ne.

Bayan isha'i, na gama tuƙa tuwo, ina fama da yara su yi aikin gidansu su kwanta, sai waya ta yi ƙara. A turo makin gwajin aji kafin safe. A sake buga tambayoyin jarrabawa saboda an canza tsari. Kowa ya rubuta "na gani" a ƙarƙashin sanarwa. Wannan "na gani" ɗin shi ya fi ci mini rai, domin da safe da shi ake bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta rubuta ba, za a tsayar da ita a ofis a nuna mata cewa alamar shuɗin nan ta fito, wato ta karanta ta yi shiru. Wata abokiyar aikina ta kashe alamar a wayarta don ta sami sauƙi, aka kira ta aka ce me take ɓoyewa. Wata kuma datarta ce ta ƙare ana saura kwanaki a yi albashi, ba ta ga cewa an matso da taron malamai ba, sai da aka ba ta takardar tuhuma. Matar nan tana kuka ta fito daga ofis. Shin wannan ne hutun da baƙonku yake magana a kai?

Sai kuma shigar da sakamako a shafin makaranta na intanet, wanda aka ce mana ci gaba ne. Da can a babbar takarda muke rubuta maki da biro, a ofis, a lokacin aiki. Yanzu sai dai kowa ya yi a wayarsa, a gidansa. Ka zauna da ƙaramin gilashin waya kana danna makin kowane yaro a kowane darasi, idanu na ruwa, kana gab da gamawa sabis ya ɗauke, duk abin da ka shigar ya goge. Da rana shafin ba ya buɗewa saboda kowa na kai, don haka sai mutum ya jira tsakar dare. Na sha kai ƙarfe ɗaya ina wannan aiki da 'yar fitila, mai gidana na barci, jaririyata na motsi, gobe kuma bakwai da rabi ta same ni a layin taron safe. In na makara da minti goma za a rubuta a littafi a cire a albashi. Awannin da na ba su da daddare kuwa babu littafin da ake rubuta su.

Akwai wani ɓangare da maza irin baƙonku ba za su taɓa kawowa a ransu ba. Makaranta ta raba wa iyaye lambobinmu ba tare da ta nemi izininmu ba. Ni matar aure ce. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare uban yaro zai kira ni, ko ya turo saƙon murya mai tsawo, wai ɗansa ya dawo babu kular abincinsa, ko me ya sa aka ba shi maki kaza a lissafi. Mai gidana mutum ne mai haƙuri, amma wane namiji ne zai ji muryar wani ƙato a wayar matarsa cikin dare ya ji daɗi? Na san gidan da wannan abu ya kai har gaban iyaye, malamar ta ajiye aikin don ta tsira da aurenta. In ka ƙi ɗauka kuma, gobe an kai ƙararka cewa ba ka kula da yara, mai makaranta kuma ba zai goyi bayanka ba, don a wurinsa mai biyan kuɗin makaranta ba ya laifi.

Mu zo maganar kuɗi, tunda ita aka tsallake gaba ɗaya a shirin. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ƙungiyar ƙwadago ta yi ta hayaniya, ƙarin dai ya zauna. Albashina bai motsa ba. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, amma ku zagaya makarantun kuɗi na unguwanni ku tambayi malamai nawa ne suke ganin wannan kuɗi. Dokar ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan makarantu nan suke fakewa. A cikin ɗan abin da ake ba mu za mu cire kuɗin adaidaita sahu, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan mu cire na data don mu yi aikin wani. In uwar yaro ta turo bidiyon bikin sauka a guruf, datata ce ke tafiya. In aka ce a sauke littafin manhaja, datata ce. Da na taɓa tayar da maganar a taron malamai cewa a riƙa ba mu ko da ɗan abin data ne a wata, amsar da aka ba ni ita ce ai ko babu aikin makaranta ina hawa WhatsApp. Wato tunda ina gaisawa da 'yan uwana da kuɗina, sai ya zama halal a ɗora mini aikin ofis a kai.

Wayar kanta fa? Ta faɗi gilashin ya tsage, ni na ɗauke ta na kai kasuwar waya ta Farm Centre na biya aka canza. Batirin ya kumbura saboda yawan caji, ni na saya. Ta cika da hotunan takardun yara har ba ta karɓar sabon saƙo, sai da na goge hotunan sunan 'yata don in sami wuri. Ran da ta mutu gaba ɗaya ba za a ce mini sannu ba, cewa za a yi in nemi wata kafin Litinin.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne da wani mai sauraro ya samu ya shigo ya kawo maganar wuta, baƙon naku ya amsa masa a sauƙaƙe, wai a sayi ƙaramar sola da fawa banki, shi ke nan. Da wane kuɗi? Unguwarmu ba ta cikin rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, waɗanda aka mayar wa kuɗin wuta naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Mu wuta sai an ga dama, galibi cikin dare, wani lokaci kafin ka lalubo caja an ɗauke. Wurin mai caji na bakin titi muke aika yara da waya, ka biya, ka jira, kana addu'ar kada a musanya maka batir ko a ce ta ɓata. Kun manta watan Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu? Masu caji suka ƙara kuɗi, layi har waje, ƙanƙara ta yi tsada, ruwa ya yi wuya. A cikin wannan hali ma sanarwa ba ta fasa zuwa ba, kuma ba a fasa bin sunayen waɗanda ba su rubuta "na gani" ba.

Kada a ce malamai ne kawai. Ƙanina direba ne a wani kamfani, ranar Lahadi yana zaune da iyalinsa za a kira shi, in bai ɗauka ba a ce ya raina mutane. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ta sauko daga aikin dare ta kwanta, za a tashe ta da tambayar inda ta ajiye fayil. Duk wanda yake ƙarƙashin wani a yau ya san abin da nake faɗa.

Ban ce a jefar da waya ba. Da ita nake jin lafiyar mahaifiyata a ƙauye, da ita nake tura mata ɗan abin da ya samu. Abin da nake cewa shi ne an mayar da kayanmu kayan aikin wasu, an haɗa da lokacin iyalinmu, ba a biya ko sisi ba, sannan ku kawo mutum ya ce mu gode. Tunda baƙonku mai son kawo misalin ƙasashen Turawa ne, me ya hana shi faɗin cewa a Faransa tun farkon 2017 doka ta ba ma'aikaci 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki, ta kuma wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara hakan? Fotugal ta hana masu gida neman ma'aikaci a lokacin hutunsa a 2021, Ostareliya ma ta yi tata dokar a 2024. Su da suka ƙera abin sun ga illarsa sun sa masa iyaka. Shi ya ɗauko mana rabin labari mai daɗi ya bar sauran. Mu ko ba dokar Bature, addininmu ya san haƙƙin ɗan ƙwadago, ya san haƙƙin iyali a kan mutum, ya san dare na hutu ne.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Tallan masu maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin, don Allah ku duba shi. Muna zaune a tsakar gida da yara da surukata, rediyo na kunne, sai kawai wani ya ɓarke da bayanin maganin ƙarfin maza da kalmomin da ko a kasuwa mutum zai ji nauyin faɗa. Sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma ina rige-rigen rage murya. Yarona na aji huɗu ya taɓa tambayata ma'anar wata kalma da ya ji a wannan talla, na rasa inda zan sa kaina. Na san da talla kuke biyan ma'aikata da sayen man janareta, amma ba kowane kuɗi ake karɓa ba. In ba za ku daina ba, ku mayar da shi can cikin dare bayan yara sun kwanta, ko ku sa a tace kalmomin kafin a saka.

Game da shirin kuwa, ina roƙon ku sake shi. A wannan karon ku kawo malamar makarantar kuɗi, ku kawo direba, ku kawo ma'aikaciyar jinya, ku ɓoye sunayensu don kada a kore su. Ku gayyato wani daga ƙungiyar ƙwadago da wani daga ƙungiyar masu makarantu, a tambaye su a gaban jama'a ko ya halatta a ba ma'aikaci takardar tuhuma a kan saƙon da aka turo ƙarfe goma na dare, a wayar da ya saya da kuɗinsa. Ku kuma ƙara layin waya, domin wanda kuke da shi 'yan gaishe-gaishe ne ke cinye shi, masu magana ba sa samun shiga.

Na ɓoye sunana da na makarantar saboda aikin nan da shi nake taimakon gidana.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
daga Kano.